Wane Gado?

Shafi na 19

Masu bina har akwatin saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, na gani. Hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma mai cewa in tausaya wa Siririya, karanta na yau tukuna, sai ki dawo mu yi magana. Wadda ta shigo yau ta samu wuri ta zauna, ba ta makara ba.

*

Goma saura kwata Auta ta tura ƙofar shagon Anti, tana tafe tana wani ɗaga kai kamar an riga an kira sunanta.

Anti ce ke shirya musu gasa duk wata, su ashirin da 'yan kai masu haɗa sarƙa da 'yan kunne da hannu. Kalma ɗaya take bayarwa, kowa ta je ta yi aiki a kanta, ba mai nuna wa wata sai ranar baje kaya. Wadda ta ci, aikinta zai yi wata guda a akwatin gilashin da ke bakin shago. Auta ta ci sau uku, kuma wallahi ba ta bar kowa ya manta ba.

Kalmar wannan watan ita ce GADO.

Akwatin gilashin na rufe da farin ƙyalle, sai goma za a yaye. Ta wuce shi tana murmushi, ta nufi dogon teburin da aka jera sauran ayyukan.

Ba ta ƙarasa ba ta ja ta tsaya.

Gado ne a gabanta. Ɗan mitsitsin gado na jar waya, da katifar shuɗayen duwatsu, rataye a sarƙa. Na kusa da shi ma gado. Wata ta yi 'yan kunne kamar matashin kai. Wata mai ƙarfin hali har gidan sauro ta saƙa da fararen duwatsu ƙanana.

Gadon kwanciya. Tun daga farkon tebur har ƙarshensa.



Ita ba wannan gadon ta yi ba. Gadon iyaye ta yi. Kuma da me ta yi shi? Da murjanin Mama.

Zare ɗaya ne, duwatsu arba'in da ɗaya, Mama ce ta zura su da hannunta, da ƙulli tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa. Da ta rasu, Auta da yayarta suka yi magana ɗaya: wata shida a hannun Yaya, wata shida a hannun Auta, ba a ba da aro, ba a tsinkewa. Auta ta sa almakashi ta tsinke shi ba tare da Yaya ta sani ba, ta haɗa shi da azurfa ta yi abin wuya. Lissafinta, in ya ci gasa ta kawo Yaya ta ga murjanin Mama a gilashi kowa na kallo, fushin ya sauka da kansa. In bai ci ba fa? Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta ba.

Gobe ne ranar da za ta mayar wa Yaya.

Ta bi teburin da ido, ta sake bi. Nata ba ya ciki.

"Anti!"

Anti ta ɗago daga takardar da take dubawa, ta sauke tabarau. "A'a, Auta, ke ce da ihu haka? Ina kwana ma babu?"

"Ina kwana Anti. Ina aikina?"

"Wane aikin?"

"Abin wuyan da na aiko Siririya ta kawo ranar Talata. Mai murjani."

"Oh, wannan. Ai a ranar na mayar mata. Na ce ta faɗa miki aiki ya yi kyau amma ya sauka daga kan kalma, kina da kwana uku ki kawo wani. Da na ji shiru na ce ko fushi kika yi."

"Kin mayar mata?"

"Hannu da hannu."

"Anti, gado kika rubuta."

"Gado na rubuta."

"To ai gado na yi! Gaado! Abin da uwa ta bari!"

Matan da ke kusa suka juyo. Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗarta na rawa.

Anti ta ajiye takardar. "Auta, tun farkon shekara me muke bi? Fitila. Taga. Madubi. Kujera. Kayan ɗaki muke yi ɗaya bayan ɗaya, ke da kanki kika ci madubi. Kuma saboda na san rubutun ɗaya ne, sai da na bi shi da saƙon murya. Na ce gadon kwanciya, kada wata ta kawo min gonar kakanta. Har dariya aka yi ta yi."

"Wayata na wurin gyara a satin."

"To wa ya faɗa miki kalmar?"

Idon Auta ya riga ya tafi can ƙarshen shago, inda Siririya ke tsaye cikin sabon ɗinki tana gyara ɗankwali a madubi. Ƙawarta ta shekara tara. Tebur ɗaya suka koyi lanƙwasa waya, filaya ɗaya suka yi ta karɓa-karɓa da ita kafin kowa ta sayi tata.

Daidai nan agogo ya buga goma.

"To jama'a, a matso," in ji Anti. "Auta, bari mu gama wannan."

Ta ja farin ƙyallen. Mai ɗaukar hoto ta ƙyasta, ta ƙyasta, nan take ta tura shafin gasar kamar yadda ta saba. Aka ɗauki tafi.

"Wadda ta ci wannan watan, Siririya!"

Auta ta kutsa tsakanin mutane har goshinta ya kusa taɓa gilashin.

Gado ne na farar waya, an yi shi da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma ƙafafunsa huɗu jajaye ne. Kan sandunansa huɗu ma jajaye. Irin jan da ba a samu a kasuwa yanzu, mai duhu, wanda wuya ya goge shekara da shekaru. Na ƙafar hagu ta gaba yana da farin zane a gefe, siriri kamar gashi.

Tun tana goye take wasa da wannan dutsen a wuyan Mama.

Ni kaina da nake ba ku labarin nan raina ya ɓaci.

Auta ba ta san lokacin da ta isa wurin Siririya ba. Ta damƙi hannunta ta ja ta ɗakin baya, inda Anti ke ajiye kwalaye da naɗin waya, ta banko ƙofa.

"Ke lafiya? Za ki karya min hannu!"

"Ina sarƙata?"

"Haba ƙawata, ko barka ba za ki..."

"Kada ki sake ce min ƙawa. Ina sarƙata?"

Siririya ta fizge hannunta, ta buɗe jaka, ta ciro wata baƙar leda a ƙulle ta miƙa mata. Ledar ta yi ƙara, ƙarar duwatsun da ba sa kan zare.

Auta ta kwance ta. Azurfar na ciki a lanƙwashe. Murjanin a warwatse.

"Kin tsinke min aiki."

"Ai Anti ta ce bai shiga ba. Zaman me zai yi?"

"Takwas na cikin gilashi."

"Aro na yi. Wata ɗaya ne, in an fito da shi ki ɗauki abinki."

"Aro? Wa kika tambaya?"

"To da na tambaya za ki ba ni?"

Ku ji fa. Ku ji ƙarfin hali.

Auta ta dunƙule ledar a hannunta. "Ranar da wayata ta lalace na zo har ɗakinki. Na ce mece ce kalmar wata."

"Na nuna miki a wayata. Da idonki kika karanta."

"Na karanta, na ɗago na kalle ki, na ja shi da bakina, na ce gaado? Na iyaye? Kika ce me?"

Siririya ta kau da kai.

"Kika ce me, Siririya?"

"Na ce eh."

"Kin ji saƙon muryar Anti?"

"Na ji."

"Kafin in zo ko bayan na tafi?"

"Kafin ki zo. Sau biyu ma na saurara. Sai me?"

A waje ana ta kiran Siririya ta fito a yi hoto.

"Me na yi miki?" Muryar Auta ta dushe. "Faɗa min abin da na yi miki."

Siririya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yau kike tambaya? Watan fitila, kin ɗaga sarƙata a gaban mutane kin ce igiyar shanya ce aka rataya wa kwalba. Kowa ya yi dariya, har da ni, don kada a ce na ji haushi. Watan taga kin ce ƙullina kamar na buhun gawayi. Watan madubi da kika ci, kin ce in zo in riƙe miki jaka a yi miki hoto. Na riƙe. Shekara tara ina riƙe miki jaka, Auta."

"Wasa nake yi!"

"Ke ce ke wasa. Ni gida nake komawa in kwance aikin kwana goma in zauna ina kallonsa."

"Shi ne za ki rama da kayan uwata?"

"Ni ban san za ki taɓa shi ba. Na ɗauka za ki yi wani shirmen ki kawo, a yi miki dariya sau ɗaya ki ji yadda ake ji. Sai da na buɗe kwalin a gaban Anti na ga murjani."

"Kin gan shi, kin gane shi."

"Na gane shi."

"Kin zauna a ɗakinmu ranar da muka yi alkawari ni da Yaya. Ke kika miƙo mana ruwa muna kuka."

"Na tuna."

"Kuma kika sa hannu kika tsinka."

Siririya ta gyara tsayuwa, ta kalle ta ido cikin ido.

"Zarenki na tsinka, na roba, wanda kika saya a kasuwa. Zaren Mama wa ya tsinka?"

Maganar ta shige Auta har ƙashi. Da mari ne da ya fi mata sauƙi, don mari ana ramawa.

Ta juya ta fincike ƙofa.

"Anti, a buɗe gilashin nan."

Kowa ya juyo.

"A buɗe me?"

"Duwatsun da ke jikin gadon nan nawa ne. Na mahaifiyata ne. Sata aka yi."

"Kai! Auta, iya bakinki," in ji wata dattijuwa mai yin awarwaro. "Sata babbar kalma ce."

"Baba ai babban abu aka yi! A tambaye ta, ga ta nan!"

Anti ta dubi Siririya da ta fito tana share ƙasan ido. "Gaskiya ne?"

"Aro na yi, Anti."

"Da saninta?"

Siririya ta sunkuyar da kai.

Anti ta dafe kai. "Innalillahi. A shagona? Hoto ya riga ya tafi, mutane sun gani, yanzu in fito in ce me?" Ta laluba aljihu ta ciro makulli. "Dokata ce abin da ya shiga gilashi ba ya fita sai wata ya cika, amma ban kafa doka don a riƙe kayan marayu ba. Matsa."

Ta buɗe, ta ɗauko gadon ta ɗora a tafin hannun Auta.

Auta ta kama dutsen kan sanda ɗaya ta murza. Bai motsa ba. Ta sake murzawa da ƙarfi.

"Da me kika kama shi?"

"Gam," Siririya ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Wane gam?"

"Mai haɗi biyu."

Matan suka yi wani irin numfashi tare. Duk mai wannan sana'a ta san gam mai haɗi biyu. In ya kama dutse ya kama ke nan, sai dai a fasa.

"A murjani?" in ji dattijuwar. "Ke 'yar nan, wa ya koya miki aiki? Murjani ana zura shi ne, ba a liƙa shi!"

Auta ba ta ji su ba. Ta kifa gadon a hannunta don ta ga ƙafafun ta ƙasa.



Ƙasan kowane dutse a shafe yake, sumul, fari-fari, kamar an yanka shi da wuƙa. Duwatsun da suke a mulmule shekara hamsin, yanzu kowanne rabi da kwata ne.

"Me... me kika yi musu?"

"Gadon ya ƙi tsayawa a kan tebur. Yana ta gangarawa." Siririya ta ja da baya. "Sai na ɗan goga su da magagari."

"Kin goga."

"Kaɗan ne, wallahi ban..."

"Kin sa magagari a murjanin uwata don gadonki ya tsaya!"

Sai da mata uku suka riƙe ta. Ɗankwalinta ya faɗi, tiren wasu 'yan kunne ya kife, duwatsu suka bazu a ƙasa suna tsalle. Tana fizga tana faɗin maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don akwai yara a cikinku. Siririya ta maƙale a bayan Anti tana kuka, irin kukan wadda ta san ta wuce inda ta yi niyyar tsayawa.

"Ku sake ni! Wallahi sai na goge mata haƙora da magagarin nan, ta ji in kaɗan ne!"

"Auta ki dawo hankalinki!" Anti ta daka mata tsawa. "Dukanta zai mayar da dutse? Zauna mu yi tunani. Talatin da uku na hannunki lafiya lau. A samu takwas masu kama, a..."

"Masu kama? Anti kin san Yaya kuwa? Yaya da ido rufe take gane su. Kowanne da yatsa ta san shi. Gobe zan kai mata, gobe! In ce mata me?"

Ƙararrawar ƙofar shago ta yi ƙara.

Ba wanda ya juya da farko. Sai da mai ɗaukar hoto ta ce, "Sannu da zuwa, baje kayan na ciki," aka ji ba a amsa ba.

Auta ta waiga.

Yaya ce. Da farar rigar aikinta ta kantin magani, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, takalmin ma na cikin kanti ne. Waya na hannunta, fuskar wayar a kunne, hoton gadon Siririya ya cika ta, an ja shi an ƙara girma daidai kan ƙafar hagu ta gaba.

Ashe tana bin shafin gasar. Duk wata tana dubawa ta ga ko ƙanwarta ta ci, ba ta taɓa faɗa ba.

Matan suka saki Auta, suka dare gefe.

Yaya ta tako a hankali, duwatsun da suka zube na ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ba ta gaida kowa ba, ita da ko yaro ba ta wucewa ba gaisuwa. Ta tsaya gaban Auta, ta sa yatsa biyu ta ɗauki gadon daga hannunta. Ta kalle shi ta sama. Ta kifa shi. Ta shafa ƙasan ƙafar da babban yatsanta, sau ɗaya.

Da ta yi ihu da Auta ta samu sauƙi. Ba ta yi ba.

"Yaya..." Auta ta nuna bayan Anti. "Yaya wallahi ita ce. Ita ta yi min ƙarya a kan kalmar, ita ta ɓoye saƙon Anti, ita ta sa gam, ita ta goga, tambayi kowa a nan, ita ce ta..."

"Ban tambaye ta ba."

"Yaya ki saurare ni..."

"Mama ba uwarta ba ce."



Yaya ta ajiye gadon a kan gilashi. Ta miƙa hannunta na dama, ta buɗe tafin a gaban fuskar Auta.

"Ba sai gobe ba. Ba ni zaren Mama yanzu, yadda na ba ki shi."

Auta ta sunkuyar da kai ta kalli baƙar ledar da ke dunƙule a hannunta.

Hannun Yaya bai sauka ba.